Ƙasar da Iska Ta Kawo Mini

Ban taɓa dukan ɗan baffana ba, ban taɓa zaginsa a gaban mutane ba, ko akuyarsa ban taɓa jifa ba. Duk wanda ya san mu a garinmu, can gabas da Olelewa, zai shaide ni a kan wannan. Abin da na yi masa ya fi duka zafi, kuma shekara tara na ɗauka ina yi, ina sane, ina gaishe shi kowace safiya.

Gonarmu da tasa asalinsu ɗaya ne, ta kakanmu ce aka raba biyu. Tasa na gabas, tamu na yamma, wani tsohon suri ne alamar iyaka. A ƙasarmu ta Damargu hadari daga gabas yake tasowa, kuma kafin ɗigon ruwa ya taɓa ƙasa sai iska ta riga shi zuwa, tana jan rairayi ƙasa-ƙasa, daidai tsayin tsiron gero. Wanda ta samu ta yanke, wanda ba ta yanke ba ta binne. Manomi na iya shuka sau uku a damina ɗaya saboda ita.

Babana ba ya share gona tas. In an gama girbi sai ya kwantar da kara ya bar shi nan, ba ya ƙonawa, ba ya kwashewa. In ya zo sassabe kuma, kowane kututturen sabara sai ya bar masa toho biyu ko uku. In ka tambaye shi dalili, iyakar abin da zai ce maka shi ne ƙasa tsirara ba ta zama wuri ɗaya, ya ci gaba da aikinsa. A lokacin kuwa da sharar gona ake gane manomi. Masu wucewa kan tsaya su tambaye shi ko kura yake kiwo a ciki. Ni kaina, da nake saurayi, kunyar gonar nake ji.

Bayan babban farin shekarar saba'in da uku, mutanen biro, wato ofishin noma na gwamnati, suka fara zuwa daga Tanut. Maganarsu ɗaya ce, al'ummar ƙasa na son abinci, kuma da gaggawa. Suka zaɓi wasu manoma aka tafi da su horo na 'yan watanni, suka dawo da shanun huɗa biyu-biyu da garma da buhunan takin zamani. Sharaɗin shi ne kada a bar kututture ko ɗaya a gona, don yana karya bakin garma. A garinmu ɗan baffana aka ɗauka, saboda ya yi shekara uku a lakwal, makarantar boko, ya iya gaisuwa da Faransanci. Ya girme ni da shekara goma, Yaya nake ce masa. Zan faɗi gaskiyarsa, ba rago ba ne. Mutum ne mai ƙarfi, mai son a yabe shi, wanda in ya buɗe baki ba ya duba wanda ke gabansa.

Da bazara ya tone kututturan gonarsa, ya tara su da kara da ƙaya tsibi-tsibi, ya cinna musu wuta da rana tsaka, iska na kaɗawa. Yaro ma ya san ba a haka. Wutar ta tsallake suri ta shiga gonarmu, ta samu karan da babana ya yi shekaru yana kwantarwa, ta cinye, ta bi sabarar ɗaya bayan ɗaya, ta babbake wata aduwa da tsohon ke rataye gorarsa. Kafin mu iso da reshe a hannu, babu abin da ya rage sai toka mai hayaƙi.

Babana ya kai magana gaban maigari, ba don a biya shi ba, so yake a ce masa an yi kuskure. Aka taru a gindin bishiyar ƙofar gidan maigari, har da malamin gona da ya zo daga biro yana zaune a kan kujera. Aka tambayi Yaya abin da zai ce. Ya dubi babana, ƙanen ubansa, mai furfura, ya ce:

"Baba, ai shara na yi maka kyauta. Da ma lada ya kamata ka ba ni."

Aka yi dariya. Ina iya lissafa waɗanda suka yi ta da sunansu har yau. Malamin gona ma ya rufe baki da takardarsa. Maigari ya ce wuta tsautsayi ce, zumunci ya fi gona, a yi haƙuri. Babana ya ɗauki takalmansa ya tafi gida.

A daminar nan sau huɗu muka shuka. Na huɗun, geron da muka ajiye don ci ne muka zuba a rami, ina sara da sungumi, tsohon na bina yana jefa iri yana rufewa da ƙafa. Gonar ta zama fili, ba abin da zai tare iska, kowane hadari sai ya aske tsiron. Abin da muka girba bai kai mu tsakiyar rani ba. Babana bai ga damina ta gaba ba. Ciwon ƙirji ne, kuma kwana ne ya ƙare, ba na cewa wuta ce ta kashe shi. Amma mutumin da kullum yake zama cikin dattawa bayan la'asar, tun ranar dariyar nan bai sake zama a cikinsu ba. Yaya ya zo zaman makoki, kwana uku cur yana karɓar gaisuwa tare da ni, bai ambaci wutar ba ko da kuskure. A shekarar sai da ya gina sabon rumbu.

Na ƙulla shi a ciki. Babu irin tunanin da ban yi ba. Na yi tunanin cinna wa sabon rumbun wuta, na yi tunanin datse wa shanunsa agara. Abin da ya hana ni, ba zan yi ƙarya in ce tsoron Allah ne kaɗai ba, har da tsoron jandarma, ga mata ga ɗiya ƙanana. Haka na yi ta yawo da abin kamar wanda ya haɗiyi ƙaya.

Wata safiya bayan hadarin farko na shekara ta biyu, na je duba binnen da na yi, wato shukar da muke yi a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. A bakin iyaka wani kututturen sabara da wuta ba ta kashe ba ya yi toho, ga ƙasa ta taru a jikinsa. Kalarta ce ta tsayar da ni. Ba farin rairayinmu ba ne, baƙa-baƙa ce, mai laushi, da ɓarɓashin kashin shanu a ciki. Mu kuwa ko tunkiya ba ta kwana a gonarmu ba. Yaya ne ya sauke Fulani a tasa wata biyu da rani, yana ba su gero, yana ja musu ruwa a rijiya, don shanunsu su zuba masa taki. Sannan ya bi da garma ya farfasa ƙasar ya bar ta a buɗe. Na dumbuzi ƙasar na shinshina, na ɗaga kai na dubi gonarsa shimfiɗe fes har iyakar gani. Tun rasuwar babana ranar na fara dariya.

Daga nan na samu aikin yi. Da aka yi girbi na kwantar da karana layi-layi, kudu da arewa, a gicciye da hanyar iska, na danne da rassan ƙaya don kada ya tashi. Layi mafi kauri na sa shi a bakin iyaka. Duk wani toho da ya leƙo, sabara ko anza ko kalgo, na bar shi, na rage masa rassa don ya miƙe. Na sassaro aguwa na kakkafa. Har gonakin mutane nake bi ina roƙon karan da za su ƙone, in ɗora wa jaki in kawo. Aka ce ɗa ya gaji uba, har ya fi shi, shi wannan tarkacen wasu ma yake kwasowa. Na bar su da bakinsu. Kowace damina iska ta binne layin, kowane rani in shimfiɗa sabo a kansa.

Wannan rabin aikin ne, kuma da a nan na tsaya da ba abin da zan ɓoye wa kowa. Ɗaya rabin shi ne zuga. Na san Yaya, na san inda ake kama shi. In muka haɗu a bakin rijiya sai in ce masa na bi ta gonarsa, ko allura ce ta faɗi sai an tsince ta. In ce baƙi daga Belbeji sun tambaye ni gonar wane ce wannan. Sai ka ga yana gyara zaman hula. A can gabashin gonarsa akwai wani jerin anza da kalgo da ya bari saboda sun yi masa nisa, kuma su kaɗai ne ke rage masa ƙarfin iska. Ni na nuna masa su. Na ce su ne suka ɓata masa gona, kamar haƙori ɗaya baƙi a bakin amarya. Ya kira gayya don a tone su, ni na riga kowa zuwa da gatarina, kuma ni na tashi a ƙarshe. Ya ba ni fura da hannunsa ya ce yanzu ya san yana da ƙane.

Kada wani ya ɗauka abin kyauta na same shi. Shekara huɗu zuwa biyar Yaya na ninka ni dami. Itatuwan da na bari sun ci wuri, inuwarsu ta hana geron gindinsu tashi, tsuntsaye suka mai da su gida suna sauka a kan zangarniya. Hauya ba ta tafiya sumul, kowane taku sai ta ci karo da kara. A gida kuma ga rigima. Matata na son kara don danga, tana so don hura wuta, tana so ta ƙona ta tace toka ta miya, duk na hana. Sai ta yi tafiya mai nisa neman itace alhali ga shi jibge a gonar mijinta.

Wata bazara mai tsanani ciyawa ta ƙare ƙaf. Matata tana da tunkiya guda da ta zo da ita daga gidansu, ta rame har ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Ta roƙe ni dami biyu na kara daga layin iyaka. Hadari ya kusa, na san in na ɗaga layin ƙasar shekarar za ta wuce ni. Na hana. Tunkiyar ta mutu kwana biyar kafin ruwan farko. Matata ta yi mako ba ta ce mini uffan ba, abinci ma ajiyewa take ta juya. Ranar da ta buɗe baki, cewa ta yi:

"Malam, kai ba noma kake ba, faɗa kake. Kuma mu ne muke jin dukan."

Ita kaɗai ce ta gane tun da wuri. Ban musa mata ba, ban kuma daina ba.

A hankali gonar Yaya ta fara nuna ƙashinta. Jajayen wurare suka ɓullo nan da can, masu tauri, in bakin garma ya hau sai ka ji ƙara. Fako ke nan, ƙasar da ruwa ba ya shiga. Shekarar da ruwa ya yi ƙaranci takin zamani ya ƙone masa gero, daga baya ma biro ta daina kawowa. Ya zargi ruwa, ya zargi iri, ya zargi bakin mutane, ya karɓo laya ya binne a kusurwa huɗu na gonar. Ni ya kira na riƙe masa magirbi yana tona ramin. A wajena kuwa ƙasa tana ta hawa, har surin iyaka ya nutse rabi. In na tsaya a gefena shi yana nasa, sai ya ɗaga kai kaɗan yake yi mini magana, bai taɓa tambayar kansa dalili ba.

Farin shekarar tamanin da huɗu bai bar kowa ba. Ni da itatuwana, shi da garmarsa, babu wanda ya ɗaure dami. Shanunsa ɗaya ya mutu, ɗaya ya sayar a wulaƙance. Mun ci 'ya'yan anza, waɗanda sai an jiƙa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacinsu ya fita, kuma daga gonata rabin unguwa suka tsinko. Da ruwa ya dawo a shekara ta gaba sai bambancin ya fito. Gara ta daɗe tana cin karan da na binne, ta huhhuda ƙasar, duk ruwan da ya sauka a gonata sai ya shige. Wanda ya sauka a tasa kuwa sai ya kwanta a kan fako ya gangaro yamma, shi ma ya zo mini. Na cika rumbu biyu. Yaya bai mai da irinsa ba.

A shekarar aka turo sabon malamin gona, ɗan saurayi, da sabuwar magana. Yanzu hamada ce ke gangarowa, sare itatuwa ne ke korar ruwan sama, a bar toho, a bar kara, itace shi ke riƙe ƙasa. Biron da ta ce a tone ita ce ta dawo tana cewa a bari, kuma ba wanda ya ji kunya. Ya tara mutanen gari ya kawo su gonata su gani. Ya ce in kowa ya yi haka za a samu hatsi a kuma tare hamada. Na yi ta gyaɗa kai kamar abin da ya dame ni ke nan. Ni ba hamada nake tarewa ba, na san abin da nake tarewa. Yaya na can baya ya harɗe hannu, yana kallon tudun da ke bakin iyaka. Ya daɗe yana kallonsa.

Da bazara ta zagayo na same shi a wurin da hantsi, da jaki da mangala. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya durƙusa ya tura hannu cikin ƙasar har wuyan hannu, ya ɗebo ya murza.

"Ƙanena, wannan ƙasar tawa ce," ya ce. "Na san ta. Ni na ciyar da shanun da suka yi ta."

Na ce ni dai a gonata na gan ta.

Ya ce ba rigima ya zo yi ba. Ya sassara ramuka a fakon da diga, so yake ya zuba ƙasa mai rai a cikinsu ya shuka, ko ya samu abin da yara za su ci. Mangala ashirin kawai yake so. A tudun nan mangala ashirin ba za a ma ga gurbinta ba. Na ce mu je gaban maigari.

Da gangan na faɗi haka. Gindin bishiyar nan nake so, da mutanen nan. Aka taru. Maigari ya tsufa, ya saurari kowa, ya juya ga liman. Liman ya ce bai taɓa cin karo da hukuncin ƙasar da iska ta ɗauka ba, ba za a ce sata ba ce, ba kuma za a tilasta wa mutum ya mayar ba. Maigari ya ce to shari'a ba ta kama ni ba, saura zumunci, in dubi Allah in dubi 'ya'yan ɗan'uwana. Kowa ya zuba mini ido.

Wallahi a shirye nake in ba shi. Ba ashirin ba, ko ɗari ne, da jakina zan taya shi kaiwa. Kalma ɗaya nake jira. Na ce:

"Yaya, ba ka da wata magana da za ka yi mini a nan wurin?"

Ya dube ni. Na zuba wa fuskarsa ido sosai, ina neman kunya ko taurin kai ko fushi, kowanne na samu zan karɓa. Babu ko ɗaya. Ya ce, "Wace magana, ƙanena?"

Ya manta. Ba ƙarya yake ba, na san fuskarsa in yana ƙarya. Shekara goma ina kwana ina tashi da wutar nan, na kashe tunkiyar matata a kanta, na tone masa itatuwa da hannuna, shi kuwa ko a jikinsa. A wurinsa wata rana ce da ya ƙona shara ya yi barkwanci aka yi dariya. Na dubi dattawan, su ma jira suke su ji wace magana ce. Raina bai taɓa ɓaci irin na ranar ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko cikin tafin hannu ba zan bayar ba."

Na tashi na tafi, ana kirana ban waiwaya ba. An zage ni a gari, an ce arziki ya sa na manta jini. Ban yi wa kowa bayani ba. Kafin ruwa ya sauka Yaya ya sayar da garmar, ya ɗora matarsa da 'ya'yansa biyar a kamyo, babbar motar kaya mai zuwa Damagaram, daga can aka ce sun yi kudu. Ina gona na hango ƙurar motar. Zan so in rubuta cewa na yi nadama, amma daɗi na ji, daɗi mai nauyi wanda ya hana ni cin abinci ranar. Bai sake dawowa ba.

Uwarsa ce bai iya tafiya da ita ba. Iya ta tsufa, ba ta gani sosai, ba za ta jure hanya ba, kuma duk garin ni ne mafi kusa da ita. Matata ta share mata ɗaki, ba ta ma tambaye ni ba. Shekara huɗu ta yi a gidana. Ba ta taɓa tayar da maganar ɗanta ba, ni ma ban tayar ba, har na ɗauka tsufa ya sa ba ta san abin da ya gudana ba.

Wata rana da azahar na dawo daga gona, na tarar matata ta fita, sai na dama mata fura da kaina na kai mata. Ta lalubi ƙwaryar ta karɓa, ta sha sosai, ta goge baki da gefen zane. Na tsaya ina jiran sa albarka kamar yadda tsofaffi ke yi.

"Kana jira in gode maka ne?" ta ce.

Na ce a'a, Iya.

"To kada ka jira. Hatsin ɗana nake sha."

Ta miƙo mini ƙwaryar ta ce in ƙaro mata.